Takardar da Baba Tela Ya Ɗinke

SHAFI NA 17

Masu cika min waya da "ina Auta, ina Auta", to ga ta nan. Ke kuma da kika ce in ban turo yau ba za ki biyo ni har gida, yi zamanki, na hutar da ƙafarki. Wanda ya shigo yanzu ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Shekara shida Auta tana aiki a sashen tsara gari na ƙaramar hukuma, ita ke karɓar takardu ta buga hatimi, ita ke buga wasiƙu, amma ba ta taɓa shiga ofishin Darakta ba tare da an kira ta ba. Yau kuwa ko amsa sallamarta ba ta jira ba. Fayil ɗin filin unguwarsu ne a hannunta, ta riƙe shi kamar mai sauke tukunya ba tsumma.

Darakta yana juya shayi da cokali. Mutum ne da bai iya ɗaga murya ba, kuma abin da ya sa ake tsoronsa ke nan.

"Yallaɓai, an yi kuskure a fayil ɗin nan."

"Rufe ƙofa tukuna."

Ta rufe.

"Wannan sa hannun mutanen unguwarmu ne. Koke suka kawo, suna roƙon a bar musu filin kada a gina shaguna a kai. Babana ne ya kawo da hannunsa, ni na karɓa. Yanzu na buɗe na tarar an cire wasiƙar da ke sama, an sa wata mai cewa sun amince."

"An cire, an sa," in ji shi, ya kurɓi shayinsa. "Wa ya cire?"

"Abin da na zo tambaya ke nan."

"To bari in taya ki tambayar. Da takardar ta zo, yaya take?"

Ta ajiye fayil ɗin a kan teburinsa.

"Malama, da ke nake."

"A ɗinke take."

"Madalla. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin takardar da aka ɗora a keken ɗinki ba sai wannan. Har dariya na yi. Wa ya warware ɗinkin?"

Nan take Auta ta tuna ranar sarai. Babanta, wanda duk unguwa ke kira Baba Tela, shi ne shugaban kwamitin kare filin. Sati uku yana bin gidaje yana tattara sa hannu, da ya gama sai ya jera shafukan, ya ɗora wasiƙar koken a sama, ya bi bakinsu da baƙin zare a kekensa, wai don kada ko shafi ɗaya ya yi ƙafa. Da takardar ta iso ofis, Darakta ya ce injin kwafi ba ya cin abin da aka ɗinke, ta raba su ta kawo masa. Ta zauna da reza da ɗan fil ta zare zaren tsaf, har tana jin daɗin ba ta yaga aikin babanta ba.

"Kai ka ce in raba, Yallaɓai."

"A rubuce?"

"A'a."

"To. Wasiƙar amincewar kuma, a kwamfutar wa aka buga ta?"

"Ka ce min ta wata unguwa ce. Ka ce in bar wurin suna fili."

"A rubuce?"

Ta dafa bayan kujera. Bai ce ta zauna ba.

Ya jawo fayil ɗin, ya buɗe, ya ɗaga shafi ɗaya da yatsa biyu.

"Dubi nan. Lamba, suna, sa hannu. Layi-layi, gwanin kyau. Wannan takardar ofishinmu ce, na san ta. Wa ya buga musu ita?"

"Ni ce."

"A injin hukuma, don a yi wa hukuma bore. Wannan ma mu ajiye shi gefe. Abin da nake so in sani, me ya hana ki rubuta musu 'ba mu yarda ba' a saman kowane shafi? Da kin yi haka, wa zai iya taɓa ta?"

Wannan tambayar ta fi duk sauran ciwo, don babanta ya yi mata ita tun kafin a fara. Ya ce, "Auta, ba a rubuta abin da muke so a kan kowace ba?" Ita ce ta ce a'a, wasiƙar sama ta wadatar, haka ake yi a ofis. Ba haka ake yi ba. Tsoro ne ya hana ta, kada wani ya leƙo injin ya ga abin da take bugawa. Shi kuwa ya yarda, don 'yarsa ce ma'aikaciya, shi almakashi ya sani.

"Ina wasiƙarmu ta asali?" ta tambaya.

"Wace wasiƙa?"

"Yallaɓai, don girman Allah."

"Malama, ni ba mugu ba ne, shawara zan ba ki kamar ƙanwata. Ciyaman ya riga ya sa hannu, ranar Litinin za a kafa kwano a zagaye wurin. In kika tayar da maganar nan, 'yan sanda za su zo, kuma tambaya uku za su yi. Wa ya karɓa, wa ya raba, wa ya buga. Sunana ba ya ko'ina sai shafin ƙarshe, inda na sa hannu a kan abin da ma'aikaciyata ta ajiye a gabana."

Ya rufe fayil ɗin, ya ɗora kofinsa a kai.

"'Ya'yanki biyu ko? Kuma na ji an ce idon tsohon ya fara rauni."

Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan babanta da yaranta, kuma kowa a ofishin ya san aikin nan nata shi ke riƙe da gidan.

Har ta kama hannun ƙofa ya ƙara da cewa, "Af, na manta. Kansilanku ya zo da safe da wani mai hayaniya, birkila ne ina ji. Sun nemi kwafi, doka ta ba su, na ba su. Ki gaida gida."

*

Ba ta san yadda aka yi aka tashi daga aiki ba. Abokiyar zamanta ta yi mata magana sau biyu, ta ce kanta ne ke ciwo.

Daga inda mota ke sauke ta, ba hanyar zuwa gida sai ta tsakiyar filin. A da tana jin daɗin wannan ratsen. Yau ta tarar an kafa turaku masu jan fenti, ɗaya a daidai bakin ragar 'yan ƙwallo, ɗaya a gindin bishiyar da tsofaffi ke zama, sauran sun bi ta gangaren da ruwan sama ke taruwa kafin ya tsotse. Duk wanda ya yi damina ɗaya a unguwar ya san in aka toshe gangaren nan, ɗakunan mutane ruwan zai nufa. Injiniyan da ya zana shagunan kuwa da rani ya zo, minti goma ya yi bai ko kashe mota ba.

Babu kowa a ƙarƙashin bishiyar. Babu masu shanya, babu masu ƙwallo. Da ta ɗaga kai sai ta ga inda suka tafi, duk sun yi cincirindo a ƙofar shagon babanta.

Ta so ta juya, amma ina za ta? Ƙofar gidansu tana manne da shagon.

"Ga 'yar ofis nan," wani ya faɗa, aka dare mata hanya ba ta roƙa ba.

Baba Tela na zaune a bayan kekensa, tef ɗin awo rataye a wuya, wata riga da bai gama ba tana ƙarƙashin allura. A gabansa Birkila ne tsaye, wanda Darakta ya ambata, har da ragowar siminti a ƙafa, yana kaɗa takardu. Gidansa ne na ƙarshe a gangaren, don haka shi ya fi kowa zafi a maganar filin. A kan bencin masu jiran ɗinki kuma Ungozoma ce, wadda rabin 'yan unguwar a hannunta suka faɗo, har da ita Auta. Ita ta raka Baba Tela wurin mata ɗaki-ɗaki da tawada suna dangwala yatsa.

"Malam, ni ban zo rashin kunya ba," in ji Birkila, alhali rashin kunyar yake yi. "Na je in yi musu ihu a kan turakun nan, sai aka nuna min sunana. Sunana da sa hannuna, wai na amince a gina min ambaliya a ƙofar gida. Ga na matata, ga na tsohuwata da ko fita ba ta iya yi. Ka ce min me?"

"Ban san yadda aka yi ba," in ji Baba Tela.

"Kai ka tara, kai ka kai."

"Ni na tara, ni na kai."

"A gabanmu ka ɗora ta a keken nan. Ka ce mana duk wanda zai taɓa ta sai ya yaga. Ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To ga ta, ba a yaga ba."

Ya baza kwafin a kan teburin yanka, mutane suka matso. A saman kowane shafi ga ɗige-ɗigen baƙi a jere, ramukan allura ne injin ya ɗauko.

"Ku duba da kyau," in ji Birkila. "Ni in na ga bango na san hannun da ya ɗora shi. In ɗan ofis ne ya raba takardar nan, fizga zai yi, ko ya sa almakashi ya datse saman. Wannan zare aka zare, ɗaya bayan ɗaya, ko rami ɗaya bai tsage ba. Wannan hannun tela ne."

Auta ta jingina da ƙyauren shagon, jakarta a ƙirji.

Ungozoma ta gyara zama.

"Kai Birkila, ka iya bakinka. Mutumin nan shekara arba'in yana ɗinki a nan, ko ƙyallen da ya rage a yadi sai ya naɗe ya mayar wa mai shi. Rigar aurenka ma shi ya ɗinka, har yau ba ta farke ba duk da tumbin da ka ajiye."

Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

"Goggo, ni ma ba so nake ya zama shi ba. Amma telan unguwar nan guda nawa ne?"

"Miƙo min in gani," in ji Baba Tela.

Ya sa tabarau, bai ishe shi ba, ya tashi ya zo bakin ƙofa inda hasken la'asar ke shigowa. Ya tsaya dab da Auta, har tana jin ƙamshin man keke a rigarsa. Ya kai shafin kusa da ido, yana bin ɗigon da farce daga wannan gefe zuwa wancan.

A ƙarshen layin ya tsaya.

Ta san abin da yake kallo. A nan yake komawa da baya sau uku ya kashe ɗinki, ramukan su haɗu wuri ɗaya. Ko a yadi, wanda bai ƙware ba a nan yake yin ɓarna, balle a takarda. Tun tana 'yar shekara tara ya zaunar da ita a kan bencin can ya koya mata yadda ake buɗe wurin ta ƙasa, a ɗaga zaren da fil, kada a ja. A cikin 'ya'yansa biyar ita kaɗai ta yi haƙurin koya.

Ya daɗe a kan wurin. Sannan ya sauke takardar, ya cire tabarau, ya dube ta.

Ba harara ba ce. Da ma harararta ya yi, da ta fi samun sauƙi. Kallo ne irin wanda yake mata tana ƙarama in zazzaɓi ya kama ta. Kunya ta rufe ta, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Daga baya can wani ya ce, "Ai 'yar tela ma tela ce. Kuma a ofishin take."

Maganar ta bi cikin mutane kamar an zuba ruwa a gangare. Birkila ya juyo a hankali, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Haka ne fa. Auta, ke ke karɓar takardu a can ko?"

Ta ƙanƙame jakarta.

"In ke ce, wallahi yau a ofishin 'yan sanda za ki kwana, don wannan—"

"Ni ne."

Baba Tela ne ya faɗa, ba da ƙarfi ba. Ya koma ya zauna a bayan kekensa, ya ninke tabarau ya sa a aljihu.

"Ku ƙyale yarinya, ba ta san komai ba. Ni na warware."

"Tela," in ji Ungozoma. "Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, Yaya. Bayan kun watse ranar nan na zauna na zare zaren. Aka ba ni wata wasiƙar na ɗora a sama."

"Wa ya ba ka?"

"Ba zan kama suna ba."

"A kan me?"

Auta na ganin yadda yake laluben ƙarya kamar mai neman allura a tabarma, don bai saba ba.

"An ce za a ba ni shago a cikin sababbin. Na ga ido ya tafi, ga jikoki."

Ba wanda ya yi ihu. Da ihun aka yi da ya fi. Wani dattijo da suke zaman bishiya tare tun suna samari ya tashi, ya sa takalminsa, ya fita. Wata mata ta miƙa hannu ta zare yadinta daga cikin waɗanda ke rataye, ta cusa a mayafi. Birkila da ya zo da bakinsa cike da magana sai ga shi idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, da hannunka ka riƙe yatsan tsohuwata ka dangwala mata," ya ce. "Tana ta sa maka albarka."

Baba Tela ya sunkuyar da kai.

"Baba," in ji Auta.

"Shiga gida, Auta. Yara sun dawo tun ɗazu, ba su ci komai ba."

"Baba, don Allah."

"Na ce ki shiga gida."

Ta ɗaga ƙafa ke nan Ungozoma ta riƙo hannunta. Tsohuwa ce, amma riƙonta na masu karɓar haihuwa ne, ba a fizgewa.

"Tsaya, 'yar nan. Ni ban yarda ba. Na san Tela tun ba shi da gemu, in yana ƙarya kunnensa har rawa yake. Wani yake karewa, ban san ko wa ba."

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Ba da kai nake ba."

Ta jawo Auta tsakiyar shagon, ta juyo da ita ta fuskanci mutane. Waɗanda suka fara tafiya suka dawo. Ƙofa ta toshe, taga ta cika da kawuna, hasken ma ya ragu. Auta ta duba hagu ta duba dama, ba ko inda za a zura hannu.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma ke kaɗai kika san amsarsa. Ke kika karɓi takardar nan a ofis, ke kika buga mata hatimi. In a ɗinke ta zo hannunki, to ubanki ƙarya yake wa kansa, a can aka yi aika-aikar, gobe da safe mu duka mu tafi mu tsaya a ƙofar Ciyaman sai an fito mana da wanda ya yi. In kuma a warware ta zo, shi ke nan, na cire hannuna, Tela ya ci amanarmu."

Ta matse hannun.

"Ki dubi Allah ki faɗa min. A ɗinke ta zo ko a warware?"

Auta ta ji muryar Darakta tana lissafa tambayoyinsa uku. Ta bangon shagon kuma tana jiyo ƙaramar 'yarta a tsakar gida tana kiran "Umma ta dawo, Umma ta dawo". Ta dubi babanta, tana roƙonsa da ido ya sake ta ta faɗa.

Bai sake ta ba. Ya ɗago, ya tsare ta da idanun nan nasa da suka fara fari, ya girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura sai ita.

"Faɗa musu gaskiya, Auta," ya ce a hankali. "Faɗa musu yadda na kawo miki ita."

Ungozoma ta matso da kunnenta.

"Ɗaga murya, 'yar nan, kowa ya ji."

Auta ta rufe ido.

"A warware ta zo."